Ƙyallen da Na Aika Kano

Laraba, 3 ga Shawwal, 1289, a Gozaki

Baba ya sallame ni daga gandu yau. Da hantsi ya kira ni zaure, ya ce ƙannena biyu sun isa riƙe garma, ni kuwa tun ina yaro hannuna ya fi son ƙoshiyar saƙa da fartanya, don haka in nemi birnin da zan kafa masaƙata in ci gashin kaina. Ya sa mini albarka. Na durƙusa na yi godiya a natse kamar dattijo, amma ina zagayawa bayan rumbu na daka tsalle har hulata ta faɗa kan akurkin kaji.

Wannan ragowar takardar da Baba ya yi juyin littafi ce ya ba ni. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki, don ran da na zama babban mutum in tuna yadda aka faro. Ni ne Shitu masaƙi, shekarata ashirin da uku. Ba cika baki ba, daga nan har Malumfashi babu mai saƙa farin da ya kai nawa laushi. Kowa ya sani.

Alhamis, 4 ga Shawwal

Kowa a gidan nan yana da birnin da ya zaɓa mini. Baba Katsina yake so, wai can ne birninmu, ga malamai. Inna ta ce mahara sun yi wa hanyar Katsina yawa, ita dai ko'ina ne in dai kusa ne. Tsohuwa, kakata, ta ce wanda ya ɓata tsakanin nan da Maska har sai da mai tallar nono ta rako shi gida, in ya shiga birni sai dai a yi masa shela. Sau ɗaya ne fa abin nan ya faru, kuma dawa ce ta rufe hanya.

Ni kuwa Kano. Maiwada, bafataken da ke kai audugar garin nan can da jakuna, ya ce kasuwar Kurmi in ka shige ta da safe ba ka ganin ƙarshenta sai azahar. Akwai Larabawa, akwai Buzaye masu rufe fuska, akwai rumfunan da babu komai cikinsu sai zare, tuli-tuli har ya fi mutum tsawo. Tun da ya faɗi wannan na kasa zama wuri ɗaya.

Na gaya wa Ladidi, matata, shirina. In fara tafiya ni kaɗai, ita ta zauna wurin Inna shekara guda, in na kafu in aiko a ɗauke ta. Na ce ga zare can jibge a Kano, sai in huta da nata siririn nan da ke tsinke mini sau goma kafin azahar. Da wasa na faɗa. Ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da kaɗinta. Shekararmu biyu da aure, har yau ban san abin da take nufi ba in ta ce haka.

Asabar, 6 ga Shawwal

Kano. Na rubuta ne kawai in ga yadda sunan yake a takarda. Ya yi kyau.

Litinin, 8 ga Shawwal

Baba ya ce masaƙi ba ya faɗa wa birni haka kawai. Sai ya fara aika ƙyalle, wanda ya gani ya yaba shi ne zai zama mai masaukinsa, ya ba shi ɗaki da wurin kafa masaƙa. Na ce to in aika Kano. Ya ce in saƙa biyu, a kai ɗaya Zariya, ko don hankalin Inna ya kwanta. Na yarda don kada a ce na yi musu da babba.

Na sayi zare wurin Ladidi. Zarenta nata ne, kamar na kowace mace a garin nan, in ina so sai in taya kamar kowa. Na kushe shi yadda na saba, na ce ya cika siriri, yana cinye mini yini. Ta ce in bai yi mini ba ga kasuwa can. Na dai ɗauka, tun da shi ne a kusa.

Asabar, 13 ga Shawwal

Ƙyallaye sun tafi, kamu biyu-biyu, farare tas. Na Kano yana hannun Maiwada, zai kai wa wani dillali Ɗanasabe a Kurmi. Na Zariya Hussaini abokina ya ɗauka, shi ma auduga yake kaiwa, zai nuna wa wani Malam Jibo mai ɗinkin manyan riguna. Na Kano na naɗe shi cikin fata na tofa masa addu'a. Na Zariya na miƙa shi hakanan.

Laraba, 17 ga Shawwal

Muna ɗibar auduga a gonar fadama. Na dubi gabas na dubi yamma ban ga kowa ba, sai na shiga gwada yadda zan riƙa gaisawa da attajirai, ina ɗan sunkuyawa ina tambayar iyali da kasuwa. Ashe Tsohuwa na zaune bayan wata kuka.

"Sannu Bakano," ta ce. "In ka gama gaisawa da audugar, kwandonka ne kaɗai babu komi ciki."

Kafin magariba duk gidan sun ji.

Lahadi, 21 ga Shawwal

Hussaini ya dawo daga Zariya. Malam Jibo bai aiko da yabo ba, ko kalma ɗaya. Ƙyallena ya maido mini, ya yi masa ɗan ɗinki a gefe, 'yar aska guda irin ta adon gaban riga, da zaren tsamiya. Saƙonsa kuwa, in irin wannan zan riƙa kawowa, akwai ɗaki a gidansa da inuwar rimi a ƙofar gida. Shi ke nan fa.

Na tambayi Hussaini ko mutumin rowar magana yake yi. Ya ce shi dai ya ga ya daɗe yana shafa ƙyallen, ya soka allura ya zare, ya sake sokawa. Na jefa shi cikin kwando. Ladidi ta ɗauka ta fita da shi haske tana duban ɗinkin. Ni Kano nake jira.

Alhamis, 25 ga Shawwal

Maiwada ya iso da la'asar. Ban bar shi ya sauke wa jakuna kaya ba na jawo shi zaure. Na kira Baba, na kira Hussaini, har maƙwabta biyu na kirawo don kowa ya ji da kunnensa. Ni na tara su da kaina. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Ya ce Ɗanasabe ya karɓi ƙyallen ya ɗaga shi ga rana, ya yafito abokan cinikinsa suka taru. Ina jin haka na gyara zama. Sai ya ce dillalin ya sa farce ya warware bakin ƙyallen, ya zaro zare guda, ya ajiye sauran a tabarma. Zaren suka riƙa miƙa wa juna.

"Ga abin da ya ce in faɗa maka," in ji Maiwada, yana kallon ƙasa. "Masu saƙa yana da su, sun fi awakinsa yawa. Saƙar babu laifi. Amma wa ya kaɗa zaren nan? In matarka ce ka kawo ta, ga ɗaki ga tsakar gida, duk abin da ta kaɗa shi zai ɗauka ya ba masu saƙa masa rawunan Buzaye. Kai kuma ba za a rasa abin da za a ba ka ka yi ba."

Babu laifi. Saƙar tawa ce babu laifi.

Hussaini ya shiga wani tari wanda na san dariya ce. Baba ya shafa gemu ya ce Allah mai iko. Daga bayan zana kuwa na ji guɗar Tsohuwa, ita kaɗai, har sau uku. Ladidi ban ji motsinta ba.

Juma'a, 26 ga Shawwal

Ban hau masaƙa ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 1 ga Zulƙida

Na ce ba zan yarda da maganar dillali ba sai na gwada. Na sayo zare a kasuwa, mai kyau, ban yi ƙwauro ba, na saƙa kamu biyu da iyakar iyawata. Na haɗa da ragowar wanda na yi da zaren Ladidi na kai wa Tsohuwa, tun da idonta ya yi rauni ba za ta san wanne ne wanne ba. Na ce ta faɗi wanda ya fi.

Ta shafa na Ladidi, ta kai shi kumatu, ta ce wannan na amarya ne. Ta shafa na kasuwa, ta ce wannan a kai wa Maiwada ya shimfiɗa wa jakinsa. Na ce ai hannu ɗaya ne ya saƙa su.

"Yo ai shi na gani, mijina," ta ce.

Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan sauke wa. Shekara biyu ana yaba ni ina karɓa da hannu biyu, in na dawo gida kuma in kushe zaren.

Alhamis, 3 ga Zulƙida

Na fake da gyaran igiya na zauna tsakar gida tun da safe ina kallon ta. Wallahi ban taɓa kallo ba, ni a wurina kaɗi abin da mata ke yi ne kawai, kamar daka. Ashe ba kowace auduga take taɓawa ba sai ɗibar fari, ita ma sai ta zauna ta tsince ta ɗaya-ɗaya. Ita ke gurza abinta, ba ta ba kowa. In ta shiɓe ta sai ta sa cikin tukunya ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma ta kwana. Kaɗin kuwa da sanyin safiya kaɗai take yi, rana na ɗagawa take ajiyewa, wai in iska ta bushe zare ba ya yarda. Ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari, zaren na fitowa daga audugar har ba na ganin sa sai ya gilma ta haske.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, igiyar nan tun ɗazu ta gyaru."

Litinin, 7 ga Zulƙida

Bayan azahar na shiga ɗakinta na faɗa mata abin da na kwana huɗu ina juyawa. Na ce Kano ita take nema ba ni ba, kuma ba zan tare mata arziki ba. Mu tafi tare, ita ta yi kaɗinta, ni ko dako ne in yi kafin Allah ya buɗa. Da ƙyar maganar ta fito, amma har zuciyata na faɗe ta. Ina son ganin Kurmi, ina kuma tsoron in zauna cikinta ba ni da sana'a.

Sai ta ba ni labarin da ban sani ba. Tana budurwa a gidansu a Maska, masu saƙa uku sun sayi zarenta, dukansu sun maido da shi, wai ba ya saƙuwa. Har ta yi niyyar ta koma kaɗa mai kauri kamar kowa.

"Kai kaɗai ne kake mita kana ɗaurawa, kana mita kana ɗaurawa, har zugun saƙa ya cika ba a ga ƙulli ko ɗaya ba," ta ce. "Dillalin Kano warwarewa ya yi ya zaro zare. Malamin Zariya bai warware komi ba, ɗinki ya yi a kai."

Na ce to Kano fa, ga ɗaki ga tsakar gida.

"Zarena ba zai hau masaƙar wani ba. In Kano na son shi, ta zo Zariya ta saye shi a saƙe."

Na ce ashe ita ma ta iya zaɓen birni. Ta ce tun ran da ƙyallen ya dawo ta zaɓa, tambayar ta ne ba a yi ba. Sai ta ce shekarar nan da za ta zauna wurin Inna fa? Na ce wane marar hankali ne ya faɗi haka. Ta yi dariya har ta tuntsurar da faifan auduga, muka durƙusa muna tsinta tare.

Na fito ina jin kaina sakayau. Na hau masaƙa har la'asar sakaliya, zaren ya tsinke sau shida, ban ce uffan ba.

Laraba, 9 ga Zulƙida

Na gaya wa Baba Zariya za mu. Ya tambaya wa ya yanke shawarar, na ce ni. Ya dube ni ya daɗe, ya ce madalla. Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna, tafiyar kwana uku ce kaɗai, ta ce ko da sanda za ta iya zuwa. Na ba Maiwada saƙon godiya ya kai wa Ɗanasabe, ban ƙara komai a kai ba, ko da yake akwai abin da na so ƙarawa.

Lahadi, 20 ga Zulƙida

Baba ya ba mu jaki biyu su kai mu. Na ce ɗaya na kayana, ɗaya na Ladidi. Audugarta ta ɗibar fari ta cinye jaki ɗaya da rabin na biyu, tukwanenta suka cinye sauran. Ni ƙoshiya da matsefi da sauran tarkacen masaƙa duk sun shige burgami ɗaya, a kafaɗa zan rataya. Sanduna kuwa ai akwai itace a Zariya. Mun shirya da Hussaini duk kaka zai riƙa kawo mata ɗibar fari daga gonar Baba.

Maiwada ya sake tashi Kano da safe. Na tsaya bakin ganuwa ina kallon jakunansa har suka shige cikin ɗorawa. Ba zan ce ban ji komai ba. Zan ga Kano wata rana, da zuguna a hannu.

Asabar, 10 ga Zulhajji

Babbar salla, ta ƙarshe ina ɗan gidan nan. Inna ta soya nama ta cika mana ƙwarya na guzuri, ta hana ƙannena ko leƙawa. Tsohuwa ta sa na zauna kusa da ita, ta riƙe hannuna tana shafa kantar ƙoshiya. Yini guda ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Sai da na tashi na zagaya bayan rumbu na ɗan tsaya.

Talata, 13 ga Zulhajji

Mun tashi bayan asuba tare da ayarin Hussaini. Ladidi ba ta waiwaya ba. Ni sau huɗu.

Juma'a, 16 ga Zulhajji, a Zariya

Jiya da la'asar muka shigo. Tun da hantsi muke hango dutsen Kufena, sai rimaye, sai ganuwa ta taso gabanmu ja wur, tsawonta har sai da na riƙe hula. A Ƙofar Doka muka yi cirko-cirko da shanun dako da masu itace da wasu mutanen kudu masu goro, kowa da yarensa. Na zaci daga ƙofa sai gidaje, ashe cikin ganuwar har gonaki akwai, da tafkuna, da marina jere suna bugu. Na riƙe igiyar jaki gam ina dariya ni kaɗai. In wannan ce ƙarama, to Kano da haɗiye ni za ta yi.

Malam Jibo ɗan gajeren tsoho ne, allura soke a hularsa. Ya ce sannu da zuwa, ya nuna ɗaki, ya nuna rimi, ya koma ɗinkinsa. Matarsa Adama ita ce mai maganar gidan, kafin a sauke kaya ta san sunan kowa a Gozaki, ta ja Ladidi ciki.

Yau na yi Juma'a a babban masallaci. Na ɗaga kai na ga yadda aka lanƙwasa ƙasa ta zama rufi, babu ginshiƙin itace ko ɗaya, na shagala har na kusa da ni ya taɓa ni aka ta da salla. Allah ya yafe mini.

Talata, 4 ga Muharram, 1290

Zugu na farko ya cika. Malam Jibo ya warware kamu uku a gwiwa, ya shafa, ya soka allura, ya ce, "To." Adama ta ce in riƙe wannan da kyau, shekarun baya ba ta ji ya ce wa wani to ba.

Mu biyar ne masu saƙa a inuwar rimin. Akwai wani Banufe cikinsu, gwani ne na gaske, ya roƙa in bar shi ya zauna a masaƙata ya taɓa zaren. Jifa uku ya tsinke masa sau biyu. Ya miƙo mini ƙoshiya yana dariya, ya ce Allah ya ba ni lada. Na zauna na ɗaura a gabansu a hankali, don su gani.

Alhamis, 13 ga Muharram

Allin Ladidi ya ƙare, na shiga kasuwa in sayo mata, tun da ni ma ina da abin yi a can. To, ba ni da shi, amma ai hanya ce. Na zaɓo mai laushi, don na lura mai tsakuwa yana cin yatsa.

Ina ratsa rumfunan maɗinka sai wani da ban taɓa gani ba ya ɗaga murya daga can ciki, kasuwa cike da mutane.

"Kai, mijin mai zare!"

Ban san lokacin da na juya ba. Na ce na'am, da ƙarfi ma. Zugu yake so a sa shi a layi bayan Malam Jibo, na ce sai na tambayo ta.

Suna ne kawai, mutanen birni ba su da aiki sai laƙaba wa baƙo suna. Ba zan gaya mata ba, in ta ji na shiga uku a gidan nan. Amma mai goron bakin lungunmu da ya ga fuskata sai da ya tare ni ya tambaya ko haihuwa aka yi mini.